Sharhi: Hotunanmu suna intanet, amma wa ke riƙe da makullinsu? Duba daga Akurba

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure ko raɗin suna a Akurba, garin da ke gefen Lafiya a kan hanyar Shendam, ya san yadda al'amarin ya koma. Kafin a shafa fatiha wayoyi sun tashi sama. Kafin a gama rabon goro da alewa hotuna sun isa Jos da Kano da Legas, wasu ma har Jidda. Zuwa la'asar ƙawayen amarya sun cika shafukansu, abokan ango su ma sun yi nasu. Idan aka tattara abin da aka ɗauka a wannan yini guda, zai ninka duk hotunan da kakannin ango da na amarya suka taɓa ɗauka a tsawon rayuwarsu.

A lokacin da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato, ranar 1 ga Oktoban 1996, ba haka abin yake ba. Mai hoto guda ake kira, ya zo da kyamararsa a rataye da fim mai cin hoto 36, yana lissafin kowane ɗauka kamar mai ƙirga kuɗi. Sai ya kai a wanke, bayan kwanaki ya dawo da su cikin ambulan, kowa ya biya nasa. Hotunan ba su da yawa, a wasu ma an kama mutum ya rufe ido. Amma har yau suna nan a ƙasan akwatin uwargida, ko cikin albam, ko a jikin bangon falo. Sun koɗe, gefensu ya naɗe, duk da haka jika yana ɗauka ya ga fuskar kakarsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Yanzu a gwada tambayar magidanci ya nuna hoton sunan ɗansa na shekara biyar da suka wuce. Amsoshin sanannu ne: yana cikin tsohuwar waya, ita kuwa ta faɗa ruwa, an ƙwace ta a tasha, katin memori ya daina buɗewa, yaron da ya buɗe asusun ya bar gari da kalmar sirrin a kansa. Ga dukkan alamu, al'ummar da ta fi kowace ɗaukar hoto a tarihin ƙasar nan tana iya zama wadda za ta bar wa na baya mafi ƙaranci. Wasu matakai kuma da aka ɗauka cikin 'yan shekarun nan, wasu a Amurka wasu a Abuja, sun ƙara kusanto da wannan asara, alhali yawancin masu waya ba su ma ji labarinsu ba.

Tushen matsalar shi ne an ɗauki rabawa a matsayin ajiya. Mutum ya tura hoto a zauren dangi na WhatsApp, sai hankalinsa ya kwanta, a zatonsa hoton ya shiga intanet ke nan har abada. Kamfanin kuwa da bakinsa ya ce ba ya ajiye saƙonni dindindin a kwamfutocinsa. Da zarar saƙo ya isa an gama da shi, wanda bai isa ba kuma ana riƙe shi ne zuwa kwana 30 a goge. Abin da aka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan sa'a 24. Ke nan hoton yana zaune ne a wayoyin waɗanda suka sauke shi, kuma su ne mutanen da duk bayan 'yan makonni suke share zaure baki ɗaya saboda waya ta cika.

Akwai wata asarar da ido ba ya gani a fuskar waya. Domin rage cin data, manhajar tana matse hoto kafin ta tura shi. Hoton da kyamara ta ɗauka da nauyin megabait 3 ko 4 yakan isa ɗaya ɓangaren da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi ba, tsawonsa kuma bai wuce ɗigo 1,600 ba. Sai ranar da aka je bugawa asiri yake tonuwa. Ƙa'idar masu buga hoto ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1,200 da 1,800, mai inci 8 da 10 kuwa, irin wanda ake sa wa firam, yana buƙatar 2,400 da 3,000. Shi ya sa ake yawan ganin kalandar biki ko takardar tunawa da mamaci da fuska dishi-dishi, a ɗora wa mai bugawa laifi, alhali hoton ya bi ta hannu huɗu kafin ya iso gare shi. A watan Agustan 2023 WhatsApp ya ƙara zaɓin tura hoto mai inganci, kuma tun kafin nan ana iya tura shi a matsayin fayil ya isa yadda yake. Sai dai duka hanyoyin biyu sun fi cin data, wanda kuwa ke sayen ta kwana ɗaya ba zai zaɓe su ba.

Ajiya ta gaskiya, ga masu wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwannin ƙasar nan, tana hannun Google. Lokacin da kamfanin ya fito da Google Photos a shekarar 2015, ya ba kowa damar zuba hotuna kyauta ba iyaka. Jama'ar duniya suka amsa kira, har kamfanin ya ce a ƙarshen 2020 yana riƙe da hotuna sama da tiriliyan 4. Daga ranar 1 ga Yunin 2021 aka rufe wannan ƙofa. Yanzu kowane asusu yana da gigabait 15 na kyauta, kuma a cikinsa wasiƙun Gmail da fayilolin Drive da hotuna suke cin rabonsu. Idan hotuna ne zalla masu nauyin megabait 3, wurin zai ɗauki wajen dubu biyar. Bidiyon biki biyu ko uku kuwa sun isa su cinye kaso mai tsoka. Daga Disambar 2023 zuwa tsakiyar 2024 aka ƙara wani nauyin: kwafin ko-ta-kwana na WhatsApp, wanda tun 2018 ba a lissafa shi, ya shiga cikin gigabait 15 ɗin. Masu iPhone nasu ya fi ƙanƙanta, gigabait 5 Apple ke ba su.

Idan rumbu ya cika, sabon hoto ba ya hawa, wasiƙa ma ba ta shiga. Waya takan nuna gargaɗi da Turanci, mai ita ya danna ya wuce, yana ci gaba da ɗaukar hoto da zaton komai yana tafiya daidai. Mafi muhimmanci kuma, tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke cikinsa. Kamfanin ya ce yana aika gargaɗi kafin ya goge, amma zuwa akwatin wasiƙar asusun da kuma adireshi na biyu da aka ajiye don irin wannan rana. Manomin riɗi ko doya da mai shagon waya ya buɗe wa asusu don kawai wayar ta fara aiki bai taɓa buɗe akwatin farko ba, na biyun kuwa babu shi.

A nan maganar ta dawo gida, domin makullin yawancin waɗannan rumbuna layin waya ne. Wanda ya manta kalmar sirri, lambar tabbatarwa ake turo masa ta layinsa. A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. An yi ta ɗage wa'adi har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tsayar da 14 ga Satumban 2024 a matsayin ranar ƙarshe. Bayan wannan aiki da tantance rajistar kamfanoni, adadin layukan da ke aiki ya sauko daga sama da miliyan 200 zuwa wajen miliyan 155. Manufar tsaro ce, kuma babu mai jayayya cewa ƙasar da ke fama da masu garkuwa da mutane tana da haƙƙin sanin mai kowane layi. Amma layin da aka rufe ko aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana sake sayar da shi ga wani. Daga ranar, lambar tabbatarwa ta tsohon mai layin tana zuwa hannun baƙo. A ƙa'idar WhatsApp, idan asusu ya yi kwana 45 a kwance sannan aka kunna lambar a sabuwar waya, ana ɗauka layin ya sauya hannu ne a share bayanan baya. Babu wanda ya ƙirga hotuna nawa ne suka maƙale a bayan layukan da aka rufe, domin babu hukumar da aikinta ke nan.

Sai kuma tsada. Ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan sun nemi kashi 100. Hujjarsu ita ce farashin bai motsa ba tun 2013, alhali man dizal da dala sun yi tashin gwauron zabi. Hujjar tana da ƙarfi. Amma a gidan da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, ko ma babu albashin, abin da aka fara kashewa a waya shi ne ɗora hotuna kai tsaye zuwa rumbu. An tsara wannan manhaja ne da tunanin mai ita yana da intanet na gida wanda ba a ƙirga masa, ya dawo da yamma wayarsa ta kwashe komai ta adana yana barci. A Akurba, kamar a yawancin garuruwanmu, irin wannan gida ɗaiɗai ne.

Akurba tana da wani abin alfahari da ya shafi wannan magana. A nan ne babbar tashar rarraba lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 take, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2022, bayan shekaru da Lafiya ta yi tana fama da wuta mara ƙarfi. Duk da haka tashar reshe ce a jikin babban layin ƙasa, idan uwa ta faɗi ɗa ba ya tsayawa. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir, a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake a lalace. Watanni kafin nan, ranar 14 ga Maris, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga ruɗani. A irin waɗannan ranaku hoton da ke rumbun intanet yana nan lafiya lau, mai shi ne ba ya iya kai wa gare shi.

Wani zai ce ai manyan kamfanoni ba sa mutuwa. Tarihin sana'ar hoto kansa bai goyi bayan wannan ba. Injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975. A Janairun 2012 Kodak ya shigar da takardar karyewar jari, rumbun hotunansa na intanet kuma ya koma hannun Shutterfly a wannan shekarar. Flickr, wanda a 2013 ya yi wa kowa alkawarin terabait guda kyauta, ya mayar da asusun kyauta zuwa hoto 1,000 a 2019. A shekarar dai Myspace ya amsa cewa ya yi asarar fayilolin da jama'a suka ɗora cikin shekaru 12, wajen sauya kwamfutocin ajiya. Matasan da suka yi tashen BBM a jami'o'inmu sun san an rufe shi a ƙarshen Mayun 2019. Ba mamaki da a Fabrairun 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet kuma babban jami'i a Google, ya yi gargaɗin cewa ƙarnin nan yana iya ɓacewa daga idon masu tarihi, ya kuma shawarci jama'a su buga hotunan da suke matuƙar so a takarda.

To, shin komawa takarda ita ce mafita? Rabin mafita ce. Shagunan wanke fim sun kusa ƙarewa, abin da ya rage na sana'ar a garuruwa irin Lafiya ya fi karkata ga hoton fasfo na masu neman aiki da ɗalibai da maniyyata, da albam na masu hali, da kalanda da jota da sitika na biki, sai fastocin 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. Takarda da tawada da injin duk daga waje ake shigo da su, don haka tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023 farashin bugu ya bi dala. Ingancin ma ba ɗaya ba ne. Hoton da aka wanke a laburare da sinadari a kan takardar hoto ta asali yana iya yin shekaru masu yawa idan an ɓoye shi daga rana da danshi. Wanda aka fitar da ƙaramar firinta mai tawadar ƙari yakan fara sauya launi cikin ɗan lokaci, ɗigon ruwa guda kuma ya isa ya ɓata shi. Mai saye ba ya iya bambancewa a ranar karɓa. Akwai kuma gidajen da, bisa fahimtarsu ta addini, ba sa rataye hoton mai rai a bango. Su ma galibi suna da 'yan kaɗan a cikin akwati.

Takarda kuma tana da nata maƙiyan. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu. A rikice-rikicen da suka auku a Assakio da kewaye a 2012 da 2013, a kan wannan hanya ta Shendam, gidaje da dama sun ƙone da duk abin da ke ciki, wanda ya gudu da ransa kuwa ba ya tsayawa neman albam. A Maiduguri, ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta shiga ɗakuna ta jiƙa takardun shaida da hotunan iyaye. A irin wannan hali wanda ya ɗora nasa a intanet, kuma yake riƙe da makullin, shi ne ya tsira da su. Abin da ke cin takarda daban, abin da ke cin fayil daban. Shi ya sa masana adana bayanai suka daɗe suna ba da shawarar kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Idan aka fassara wannan zuwa aljihun talaka, ma'anarsa ita ce asalin hoton a waya, kwafinsa a filas ko katin memori da aka ajiye a gidan ɗan'uwa, sai goma ko ashirin mafiya daraja a kowace shekara a buga su, a rubuta suna da rana a bayansu. Wannan rubutu na baya shi ne aka fi rainawa, alhali hoton da ba a san ko waye a ciki ba bayan shekara hamsin ya zama takarda kawai.

Akwai ɗaya fuskar matsalar, wadda ta fi taɓa mata: hoton da ake so ya ɓace shi ne ba ya ɓacewa. Masu bin harkar fina-finan Hausa suna tuna abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da wani bidiyo na sirri ya bi ta Bluetooth daga waya zuwa waya, ya girgiza masana'antar baki ɗaya. A lokacin wayar kyamara sabuwa ce. Yau duk wanda ya miƙa wayarsa ga mai gyara, ko ya tura hotuna a lambar mai shago don a buga masa, ya bar kwafi a hannun da bai sani ba. Yawancin masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma kwamfutar shago hannaye da yawa ke taɓa ta, kuma ba kasafai ake goge abin da aka gama bugawa ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin neman kwafin bayanansa da neman a goge su, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi cewa wanda ya biya aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a wallafa shi, sai idan an yi wata yarjejeniya dabam. Wannan ya shafi masu ɗaukar hoton biki da ke baza hotunan amare a Instagram don tallar aikinsu ba tare da sun tambaya ba. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Gwamnati ta nuna tana iya tunkarar manya: a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren ƙorafi kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Sai dai tsakanin wannan nasara da budurwar da tsohon saurayi ke yi wa barazana da hotonta akwai tafiya mai nisa. Ba ta san dokar ba, kuma kunya takan hana ta zuwa ofishin 'yan sanda.

Matsewar da aka ambata a baya tana da wani sakamako. Kowane hoto na asali yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai: ranar da aka ɗauka, irin wayar, wani lokaci har wurin. Manhajojin zumunta sukan cire waɗannan idan an tura hoto ta hanyar da aka saba. Ta fuskar tsaro alheri ne, domin ba a so baƙo ya gane ƙofar gidan mutum daga hoton 'ya'yansa. Amma hoton da aka raba da rana da wurinsa kowa yana iya laƙa masa labarin da ya ga dama. Maƙwabciyarmu Filato ta ɗanɗana wannan a Yunin 2018, lokacin da aka yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook da sunan na rikicin yankin ne; binciken da BBC ta wallafa a ƙarshen shekarar ya nuna wasunsu tsofaffi ne daga wata ƙasa, 'yan sandan jihar kuma suka ce sun taimaka wajen rura wutar. Haka nan a kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga na'ura. Manomin da aka yi wa ɓarna a gona, ya ɗauki hoto, ya tura wa ɗan'uwansa, ya goge na asalin don samun wuri, ya raunana hujjarsa da hannunsa.

Batun gado ma yana nan yana jira. Idan magidanci ya rasu ana lissafa gona da gida da babur, har da ita wayar a matsayin kaya. Abin da ke cikinta kuwa, in an kulle ta da zanen yatsa ko lambar sirri, yakan tafi tare da shi, domin magajin da ya karɓe ta wajen mai gyara zai kai a wanke ta tas. Kamfanonin sun tanadi hanya: tun 2013 Google yake da tsarin naɗa wanda za a miƙa wa bayanai idan asusu ya daɗe a kwance, Facebook ya kawo nasa a 2015, Apple a ƙarshen 2021. Amma sai mai asusun ya naɗa wakilin tun yana raye. A al'ummar da ta san muhimmancin wasiyya, wannan ba baƙon tunani ba ne. Rashin sani ne kawai, kuma malamai da limaman coci da gidajen rediyo za su iya isar da shi cikin mako guda fiye da yadda kamfanonin suka yi cikin shekara goma.

A ganin mai wannan sharhi, babban giɓin yana wajen hukuma. Abin da duniya ta sani game da rayuwar matasan Bamako bayan samun 'yancin kai ya fito ne daga nagetif ɗin da Malick Sidibé ya tara a shagonsa, har aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin Venice a 2007. Hotunan da Solomon Alonge ya ɗauka a fadar Benin da shagonsa yanzu suna gidan tarihi na Smithsonian a Amurka. Waɗannan masu hoton unguwa ne, irin waɗanda Lafiya da Keffi da Akwanga suka yi da yawa. Marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustapha Agwai na ɗaya ya yi sama da shekara 40 a kan karaga kafin rasuwarsa a Janairun 2019. Hawan Sallah nawa, naɗin sarauta nawa, buɗe makaranta da kasuwa nawa aka ɗauka a wannan zamani? Nagetif ɗin suna hannun iyalan masu hoton da suka tsufa ko suka rasu, gara da zafi suna aikinsu. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa sun fi ƙarfi a takardun mulki da na malamai, ba a hotunan talakawa ba. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da Jami'ar Jiha da ke Keffi, da kwalejin kimiyya da fasaha da ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin, kowace tana da ɗakin karatu da ɗalibai da za su iya karɓar tsofaffin hotuna, su kwafe su da na'ura, su rubuta bayaninsu, su mayar wa masu su. Gwamnatin tarayya tana da kamfanin Galaxy Backbone mai cibiyoyin ajiyar bayanai a Abuja da Kano, don haka wurin zubawa ba sai an ƙetare teku ba. Ita kuma NCC tana iya wajabta wa kamfanoni su gargaɗi mai layi da harshen da yake ji, su faɗa masa ƙarara cewa asusunsa na intanet suna rataye da lambar, kafin a sayar da ita ga wani.

Ranar 1 ga Oktoban 2026 Jihar Nasarawa za ta cika shekara 30. Bisa al'ada za a kafa kwamiti, a nemi hotuna don baje koli da littafin tunawa. Na zamanin kantoman soja na farko, Abdullahi Ibrahim, da na rantsar da Gwamna Abdullahi Adamu a 1999, za a same su a albam da firam, domin a takarda aka fitar da su. Wahalar za ta fara ne daga shekarun da aka ajiye fim aka koma katin memori, lokacin da jami'in yaɗa labarai ke zuba aikin ofis a kwamfutarsa ta kansa, ya yi ritaya ya tafi da ita.